Wayar masa ta ampuli a mota: ina ya kamata a ɗaura ta?

A mafi yawan motoci masu batir na bolt 12, ƙarfen jikin motar ne hanyar da wuta ke bi ta koma kan batir mai alamar (-). Shi ya sa ampuli ke da waya biyu: mai kawo wuta daga kan (+), da wadda ake ɗaurawa a jikin mota, wadda kanikawa ke kira masa. Sau da yawa ana kashe kuɗi a kan ta farko, a yi wa ta biyun riƙon sakainar kashi.

Ampuli mai ƙarfin wat 500 yana iya jan amfiya 40 ko fiye. Idan mahaɗin masa yana da cikas na ohm 0,05 kacal, bolt 2 sun ɓace, kuma wurin yana fitar da zafin wat 80. Alamunsa su ne ampuli ya riƙa mutuwa idan an ƙara sauti, ko a ji wani fito a lasifika da ke ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur, ko kan wayar ya ƙone.

Wuri mai kyau shi ne ƙarfe mai kauri, kusa da ampuli, ta yadda tsawon wayar ba zai wuce santimita 45 ba, kaurinta kuma ya yi daidai da na wayar wuta. A kankare fenti da tsatsa har ƙarfen ya yi fes, a matse kan wayar da ƙusa da noti, sannan a shafa ɗan giris a kai. Kada a yi amfani da ƙusar bel ɗin kujera: aikinta tsare rai ne, kuma galibi akwai fenti a zarenta. Kafin a huda bene, a leƙa ƙarƙashi, domin tankin mai da bututun birki suna nan. Idan ampuli biyu ne, a haɗa masarsu wuri ɗaya. A cire kan batir na (-) kafin a fara aikin.

Motocin da ke shiga kasuwar Gidigir daga ƙauyuka, kamar Hilux da Land Cruiser, jikinsu yana zaune ne bisa shasi ta kan robobi, wata waya ce ke haɗa su. In ta tsinke ko ta yi tsatsa, masar da aka ɗaura a jiki ba za ta yi aiki sosai ba. Gargadar hanyar rairayi kuma tana kwance noti, don haka a riƙa dubawa.

Gwajin da ya fi tabbas shi ne da na'urar awon wuta: a tada mota, a ƙara sauti, a auna tsakanin masar ampuli da kan batir na (-). Idan bambancin ya kai rabin bolt, a sake wuri.