Malaman lakol da aikin babban hutu: wane kuɗi ne nasu, kuma wa ke biya?

A Nijar ana rufe makarantun boko wajen ƙarshen watan Yuni, a sake buɗe su a Oktoba. Watannin da ke tsakani su ne babban hutu, wanda ƴan lakol ke ce wa bakans. Jama'a da yawa na ɗauka cewa da an kulle aji mushe ya huta ke nan sai kaka. Ga wasu malaman haka ne. Wasu kuwa a cikin hutun ne ake kiran su gyaran takardun jarrabawa, ko zaman horo, ko aikin tsara darussan da za a koyar a shekara mai zuwa. Ga bayanin yadda kuɗin wannan aiki yake, don iyayen yara na Tirmini da ƙauyukanta, da ƴan uwa da ke bin wannan shafi daga ƙetare.

Malamai iri biyu

Da farko sai a san cewa malaman gwamnati ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai cikakken ma'aikaci mai lambar aiki, wanda ke da albashi da ƙarin girma da fansho. Akwai kuma ɗan kwantiragi, wanda ke karɓar wani ƙayyadadden kuɗi a wata, abin da ake kira pécule da Faransanci.

Tsarin kwantiragi ya samo asali ne a 1998, lokacin da gwamnati ta fara ɗaukar malaman sa-kai a kan jikka 35 a wata, don a buɗe azuzuwa da yawa da kuɗi kaɗan. Da shirin ilimi na shekara goma ya fara a 2003, ɗaukar ƴan kwantiragi ta ƙara yawa, har suka zama su ne mafi rinjaye a firamare, musamman a karkara. A 2017 ɗan kwantiragin firamare yana karɓar jikka 75 a wata.

Albashin hutu daban, ladan aikin hutu daban

Nan ne ake yawan ruɗewa. Albashin malami ba ya tsayawa don an rufe makaranta. Kuɗin Yuli da Agusta da Satumba haƙƙinsa ne, ko da bai taka ƙofar aji ba, domin hutun yana cikin tsarin aikin. Matsalar ƴan kwantiragi ta fi yawa wajen jinkiri: ƙungiyoyin malamai irin su SNEN da SYNACEB sun sha shiga yajin aiki a kan kuɗin da ba ya zuwa a kan lokaci.

In kuma aka kira malami wani aiki na musamman a cikin hutu, wannan wani lissafi ne na dabam. Ayyukan sun kasu kamar haka.

Na ɗaya, jarrabawa. Masu tsaron ɗalibai da masu gyaran takardun BEPC da na bakaloreya suna da kuɗin aikinsu daga hukumar da ta shirya jarrabawar.

Na biyu, horo. Akan tara malamai a babban garin gunduma ko a Damagaram, inda makarantar horar da malamai ta Askia Mohamed take. Abin da aka saba bayarwa shi ne kuɗin mota da kuɗin guzuri na kowace rana, wato na ci da na kwana. Adadin yana bin wanda ya ɗauki nauyin taron: ma'aikatar ilimi ce, ko UNICEF, ko wani shiri mai tallafin Bankin Duniya.

Na uku, rubuta manhaja da littattafai. Wannan aikin ƙwararru ne: sufetoci, masu ba malamai shawara, da wasu zaɓaɓɓun malamai. A Yamai akwai cibiyar INDRAP, wadda ta daɗe tana shirya littattafan firamare.

Na huɗu shi ne wanda babu mai biya: malami ya zauna a gida yana rubuta darussansa, yana raba su wata-wata, yana nazarin sabon littafin da aka miƙa masa. Sau da yawa takarda da alƙalami ma daga aljihunsa suke fitowa.

A lura kuma, kuɗin guzuri ba lada ba ne. Mayar wa mutum abin da ya kashe ne. Malamin da ya baro ƙauye, ya biya kabu-kabu zuwa bakin kwalta, ya shiga mota zuwa Damagaram, ya kwana biyar yana sayen abinci, in ya koma gida da ɗan saura to ya yi tsimi ne.

Me ya sa aikin manhaja ya yi nauyi a ƙasar nan

Damagaram tana da tarihi a wannan fanni. A nan ne aka fara gwada koyar da yara da Hausa a makarantar gwamnati, a 1973. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta amince da harsunan ƙasa tare da Faransanci a matsayin harsunan koyarwa. A 2015 aka fara gwada sabuwar manhaja a makarantu 500, inda yaro ke fara karatu da harshen da ya sha a nono kafin Faransanci ya shigo a hankali. Sannan a watan Maris na 2025 kundin sabunta ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Duk wannan a takarda yake, sai malami ya mayar da shi darasi. Iya magana da Hausa bai isa mutum ya koyar da ita ba. Akwai ƙa'idar rubutu, akwai baƙaƙe masu lanƙwasa irin su ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, akwai kalmomin lissafi da na kimiyya da sai an daidaita su. Malamin da ya yi duk karatunsa da Faransanci yana bukatar a zaunar da shi a koya masa, kuma babu lokacin da za a yi hakan ba tare da an bar yara su kaɗai a aji ba sai a hutu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai hutun lakol ya faɗo daidai da damina. Malamin karkara da yawa manomi ne, kuma hatsin da ya noma shi ke cike giɓin albashi. Kwana goma na horo a watan Agusta kwana goma ne da ciyawa ke cin gonarsa, ko kuma ya biya ƴan ƙwadago su yi masa noma. Wanda ya kira shi bai yi wannan lissafi ba, to ko dai ya ƙi zuwa, ko ya zo hankalinsa na gona.

Ba kowane kira na hutu ne ke da kuɗi a bayansa ba. A watan Yuli na 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, an kira dubban ƴan kwantiragi jarrabawar tantancewa, duk da adawar ƙungiyoyinsu. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu maki 10 cikin 20, kuma dubbai sun rasa aikinsu. Sakamakon ya nuna irin bukatar horon da ake da ita.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

Ranar 5 ga Oktoba 1966 hukumar UNESCO da ƙungiyar ƙwadago ta duniya suka fitar da shawarwari a kan matsayin malamai. A ciki an ce malami yana da haƙƙin hutun shekara da cikakken albashi, an kuma ce a sa malamai da ƙungiyoyinsu cikin tsara sababbin darussa da littattafai. Ita ce ranar da ake bikin malamai a duniya kowace shekara.

A Amurka, a yankuna da yawa kwantiragin malami na kwanakin karatu ne, wajen kwana 180 a shekara, don haka in an kira shi gyaran manhaja a hutu sai a biya shi da awa ko da yini. A Faransa wata doka ta 2019 ta ce horon cikin hutu kada ya wuce kwana 5 a shekara, kuma a biya Yuro 20 a awa, iyaka Yuro 120 a yini. In aka canja, wannan ya kai wajen jikka 79, wato ya haura kuɗin wata guda na ɗan kwantiraginmu a 2017. Arzikin ƙasashen ba ɗaya ba ne, amma akwai abin ɗauka a ciki: an rubuta adadin, an rubuta iyakar kwanakin, kowa ya sani tun kafin ya bar gida.

Abin da ya kamata a kiyaye

Malam, in takardar gayyata ta zo, ka duba abu huɗu: wa ya kira taron, kwana nawa ne, nawa ne kuɗin mota da na guzuri, kuma yaushe za a biya. Kada ka sa hannu a takardar biya sai ka ga adadin da aka rubuta ya yi daidai da abin da ke hannunka. In kuɗin ya maƙale, hanyar koke ita ce darakta, sai sufeto, sai hukumar ilimi ta jaha, ko wakilin ƙungiyarka. Kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in an biya ka horo, a ga amfaninsa a allo.

Iyaye da kwamitin kula da makaranta, in ku ne kuka roƙi malami ya yi wa yara darasin ƙari a hutu, wannan ba ya cikin albashinsa. Ku daidaita da shi a gaban shaidu, a rubuta a littafin kwamiti, ko kuɗi ne ko hatsi.

Ku kuma ƴan uwa da ke Kano, Agadas, Libiya ko Aljeriya, masu aiko da taimako don makarantar garinku, ku riƙa faɗin abin da kuɗin zai yi tun daga farko, ya kuma bi ta hannun kwamiti. In an ware na alli da na zanar aji, a ware na malamin da zai bar gonarsa ya zauna da ƴaƴanku.