Daga Ƙarfe Zuwa Gilashi: Tarihin Madubin Hangen Taurari

Na'urorin hangen nesa na farko sun dogara ne da gilashin da haske ke ratsawa, wanda ke karkasa farin haske zuwa launuka, har tauraro ya bayyana da bakan gizo a gefensa. Don kauce wa wannan aibi ne Isaac Newton ya ƙera na'urarsa a Ingila a 1668, inda ya dasa madubi mai zurfi kamar ƙwarya a gindin bututu, domin ya tattara hasken ya mayar da shi kan wani ƙaramin madubi da aka gicciye, shi kuma ya tura shi zuwa idon mai kallo ta gefen bututun. Tun da haske ba ya shiga cikin madubin, launukan ba sa rarrabuwa.

Wahalar tana wajen abin ƙirar, domin gamin jan ƙarfe da kuza da ake amfani da shi yana saurin dusashewa, kuma duk gogewar da aka yi masa tana iya ɓata lanƙwasar da aka sha wuya kafin a samu. Duk da haka, da irin wannan madubi William Herschel ya gano duniyar Yuranus a 1781, kuma Lord Rosse ya kammala na'ura da madubi mai faɗin mita 1.8 a Birr ta ƙasar Ailan a 1845. Sauƙi bai samu ba sai wajajen 1857, lokacin da Léon Foucault a Faransa ya shafa azurfa a fuskar gilashi, azurfar da ake iya wankewa a sabunta ba tare da an taɓa siffar madubin ba.