Ciwon Noma da Haƙƙin Yaro: Nazarin Iyakar Aikin Jinƙai a Sakkwato da Damagaram

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki ciwon noma, cutar da ke cin fuskar ƙananan yara, a matsayin ma'aunin aikin jinƙai na lafiya a arewa maso yammacin Nijeriya da kudancin Nijar. An dogara da bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya, da dokokin kare haƙƙin yara, da kuma sunayen da Hausawa ke kiran cutar da su. Hujjar maƙalar ita ce, tiyatar gyaran fuska, duk da girman alherinta, 'yan ƙalilan da suka tsira kawai take riska. Haƙƙin yaron kuwa tun kafin ya kwanta aka tauye shi: abinci, rigakafi, da asibitin da uwa za ta iya kai shi da ƙafa.

1.0 Gabatarwa

Noma cuta ce da ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, galibi bayan yaye, a gidajen da tamowa ta riga ta shiga. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 140,000 ke kamuwa da ita kowace shekara, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda ba su sami magani ba suna mutuwa. Har yau wannan tsohon ƙiyasi ake ta maimaitawa, abin da ke nuna yadda aka daɗe ba a ƙirga waɗannan yara ba.

Cutar ba ta Afirka kaɗai ba ce tun asali. Ta addabi yaran talakawan Turai har zuwa ƙarni na 19, ta ɓace da abinci da tsafta suka inganta, tun kafin a samo maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ta sake ɓullowa a sansanonin 'yan Nazi irin su Auschwitz da Bergen-Belsen, inda aka horar da mutane da yunwa. Wannan tarihi shi ne ginshiƙin nazarin: inda duk aka ga noma, to yunwa ta riga ta zuwa.

2.0 Yadda cutar ke tafiya

Abin yana farawa ne da kumburin dasashi. Uwa za ta lura yaron yana ƙin cin tuwo, dasashinsa na jini in an taɓa, miyau na dalala, bakin yana wari. Sau da yawa yaron bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, jikinsa duk ya saki. Bayan kwana kaɗan kunci ya kumbura ya yi tauri. Sai wani baƙin tabo ya bayyana a fata, naman da ke ƙarƙashinsa ya riga ya mutu. Idan tabon ya faɗo, rami ne ke saura, ana hango haƙora daga waje. Cikin mako biyu ana iya kai wa nan, kuma cutar takan ci leɓe da hanci har da ƙashin muƙamuƙi.

A matakin farko maganinta ba shi da tsada: amoxicillin da metronidazole, da ruwan kurkure baki, da abinci mai gina jiki. Magunguna ne da ake samu a kemis ɗin ƙauye. Amma in an wuce wannan gaɓa, yaron da ya tsira yakan rayu da tabon da ke ɗaure masa muƙamuƙi, baki ba ya buɗuwa. Irin wannan yaro da ɗan cokali ake ɗura masa koko ta gefen da cutar ta huda, rabi ya shiga rabi ya zubo, uwa tana tarewa da gefen zani. Haka za a yi shekaru. Yarinya ta taso da mayafi a rabin fuska, ba makaranta, ba dandali, ba mai zuwa zance.

3.0 Matsalar suna

Kalmar "noma" daga Girkanci ta fito, inda take nufin cinyewa, kamar yadda dabba ke cinye ciyawa. A kunnen Bahaushe kuwa noma shi ne aikin gona, tushen arziki. Ma'aikacin lafiya da ya shiga ƙauye ya ce ya zo wayar da kai a kan noma, za a ɗauka maganar taki da iri ya kawo.

Nazarin da Elise Farley da abokan aikinta suka wallafa a 2020, bisa tattaunawa da masu jinyar yara da ma'aikatan asibiti a arewa maso yammacin Nijeriya, ya nuna ana kiran cutar da sunaye daban-daban, daga ciki akwai ciwon daji da ciwon iska. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin suna shi ke nuna wa uwa ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Abin da aka kira iska, wajen mai magani ake kai shi, a yi turare da hayaƙi. Abin da aka kira daji kuwa, mutane sun riga sun yanke cewa ba a taɓa shi da allura. Kwanakin da za a ceci fuskar yaron a nan suke salwanta. Ba ganganci ne ya sa uwa ta fara da mai magani ba. Shi ne a kusa, yana jin harshenta, kuma yakan yi haƙuri da kuɗinsa sai bayan girbi.

4.0 Aikin jinƙai da iyakarsa

A 1999 aka buɗe Asibitin Yara na Noma a Sakkwato, ɗaya daga cikin ƙalilan a duniya da aka keɓe wa wannan cuta. Tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a can tare da ma'aikatar lafiya: tiyata kyauta, abinci, motsa muƙamuƙi, da kwantar da hankalin majinyata. A Damagaram kuma, gidauniyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan, wadda Edmond Kaiser ya kafa, tana kula da masu cutar tun shekarun 1990. Duk wanda ya san yadda matashi ke ji ranar da ya fara tauna abinci bayan shekara goma bakinsa a kulle, ba zai raina wannan aiki ba. Ni ma ban raina ba.

Sai dai a duba lissafin. Idan tara cikin goma na mutuwa ba tare da magani ba, to masu zuwa ɗakin tiyata ragowar waɗanda suka tsallake ne. Sauran an binne su a ƙauye, ba takardar haihuwa, ba ta mutuwa. Gyaran fuska ɗaya yakan ɗauki tiyata fiye da sau ɗaya, da ƙwararrun da wasunsu daga ƙetare suke zuwa lokaci-lokaci. Ga kuma rashin tsaro a Zamfara da gabashin Sakkwato, wanda ya raba manoma da gonakinsu, ya kori ma'aikata daga ƙananan asibitoci, ya sa hanyar zuwa birni ta zama abin tsoro. Duk abin da ke haifar da cutar yana ƙaruwa a daidai inda hannun masu taimako bai kai ba.

5.0 Daga sadaka zuwa haƙƙi

Hausa tana da kalmomi biyu da ake gwamutsawa wajen wannan batu: 'yanci da haƙƙi. A nan haƙƙi ya fi dacewa, domin haƙƙi yana da mai shi, yana kuma da wanda yake wuyansa. Sadaka in an ba ka sai godiya, in an hana ka ba ka da ta cewa. Haƙƙi kuwa bashi ne, kuma Bahaushe ya san alhaki ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ta wannan fuska Kwamitin Ba da Shawara na Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya kalli cutar a 2012, cikin nazarin da Jean Ziegler ya jagoranta, inda aka ɗauki noma a matsayin misalin tauye haƙƙin abinci. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 a 1991, wadda sashenta na 24 ya wajabta wa gwamnati yaƙar cuta da tamowa, ta kuma yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003. Cikas ɗin yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999: batun samar da asibitoci a Babi na 2 yake, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta abin da ke wannan babi. Amma akwai wata ƙofa. Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam ta zama dokar cikin gida a Nijeriya tun 1983, kuma sashenta na 16 ya tabbatar da haƙƙin lafiya. A ganina lauyoyinmu ba su yi amfani da wannan ƙofa yadda ya kamata ba.

A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta gabatar a Janairun shekarar a madadin ƙasashe 32. Cikin masu fafutukar akwai ƙungiyar Elysium, wadda Mulikat Okanlawon da Fidel Strub suka kafa, dukansu sun tsira daga cutar. Ƙasar da ta ja ragamar wannan buƙata ta ɗora wa kanta nauyin fara aiki da ita a gida.

Aikin kuma ba sabon gini yake buƙata ba. Yaran da noma ke kamawa su ne dai waɗanda ake kai wa cibiyoyin tamowa, ake auna musu damtse, ake ba su madarar gyaɗa. Ma'aikaciyar da ke auna damtsen, in an koya mata ta ce wa uwa, "Maman yaro, buɗe min bakinsa in gani," minti ɗaya ya ishe ta gane dasashin da ke jini. Wanzamai da ungozomomi da masu maganin gargajiya, waɗanda su ke fara ganin yaron, a koya musu alamomin nan da sunan da mutanen yankinsu suka sani, a kuma tabbatar ƙaramin asibitin da za su tura uwa yana da amoxicillin a kan kanta ranar da ta iso.