2.3 Tarihin Siririyar Na'ura Daga Ma'aikata Zuwa Gida

Kamar yadda aka bayyana a baya, siririyar na'ura ita ce ƙaramar kwamfutar da ba ta yin aikin lissafi da kanta. Abin da take yi kawai shi ne ta aika da abin da aka buga a kan allon rubutu da motsin linzami zuwa ga uwar garke, ita kuma uwar garken ta yi aikin ta dawo mata da hoton sakamako. A nan za a duba yadda wannan tsari ya faro, da dalilin da ya sa ya ɗauki tsawon lokaci kafin ya shiga gidajen jama'a.

Asalin al'amarin tsadar kwamfuta ce. A shekarar 1961 aka gwada tsarin CTSS a jami'ar MIT ta Amurka, inda mutane da dama suka riƙa amfani da babbar kwamfuta guda a lokaci ɗaya, kowa da tasa taminal. Daga baya kamfanin IBM ya fitar da taminal 3270 a 1971, DEC kuma ya fitar da VT100 a 1978. Waɗannan rubutu zalla suke nunawa. Fitowar kwamfutar IBM PC a 1981 ta juya akalar abin, domin kowane ma'aikaci ya sami tasa a kan teburinsa, amma sai wata ɗawainiya ta biyo baya, wato gyara da sabunta ɗaruruwan na'urori ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ɗawainiya ce ta sa aka waiwayi tsohon tsari. A 1995 kamfanin Citrix ya fitar da WinFrame, wanda ya ba mutane da yawa damar buɗe Windows daga uwar garke guda. A daidai wannan lokaci Larry Ellison na kamfanin Oracle ya shiga tallata na'urar da ya kira Network Computer, yana mai cewa za ta maye gurbin kwamfutar tebur. Hakan bai yiwu ba. Farashin kwamfutar tebur ya faɗi ƙwarai a ƙarshen shekarun 1990, ga kuma layin intanet na tarho da yawancin gidaje ke amfani da shi a lokacin ba ya iya ɗaukar hoto da sauri. Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga cewa tunanin ba shi da laifi, lokacinsa ne bai yi ba. Abin da ya ɗore shi ne ƙa'idar RDP da Microsoft ya shigo da ita a 1998, wadda har yau ake amfani da ita. Sun Ray na kamfanin Sun, wanda ya fito a 1999, yana da wata dabara mai ban sha'awa: ma'aikaci ya zare katinsa daga wannan na'ura ya soka a waccan, sai ya tarar da aikinsa inda ya bar shi. Oracle ya daina ƙera shi bayan sanarwar da ya yi a 2013.

Shigar tsarin cikin gida kuwa ta biyo ta hanyar manhajojin kyauta. An saka KVM cikin Linux a 2007, Proxmox ya fito a 2008. Da waɗannan, kwamfuta guda mai ƙarfi za ta iya rarraba kanta zuwa kwamfutocin kwaikwayo da dama, kowace da nata Windows ko Linux. Har ila yau, ma'aikatu sun riƙa sayar da tsofaffin na'urorinsu na Wyse da HP da araha, sannan Raspberry Pi ya fito a 2012. Ta haka magidanci zai ajiye uwar garke a ɗaki guda, yara su yi aikin makaranta a falo da na'urar da ba ta da fanka kuma ba ta cin wuta sosai.

Sai dai tsohon raunin taminal ya biyo tsarin har gida. Duk ranar da uwar garke ta tsaya, ko aka ɗauke wuta a ɗakin da take, dukkan na'urorin gidan sun tsaya ke nan. A ma'aikata akwai injiniya da uwar garke ta biyu. A gida kuwa mai gidan ne injiniyan. Haka kuma bidiyo da wasannin kwamfuta sukan yi tsaiko idan hanyar sadarwa ta yi rauni, shi ya sa masu wannan tsari suka fi son jan waya a kan dogaro da Wi-Fi.