Yaran New Bell, Daga Tafiyar Ƙasa Zuwa Bensikin

Wata baiwar Allah ta bugo mini waya a shirina na safiyar Asabar, daga Grand Hangar, can hayin Bonabéri. Likita ya gaya mata ɗanta mai shekara 11 ya yi nauyin da ya fi ƙarfin shekarunsa, har jininsa ya soma hawa. Da ta kai labari gida, sai surukarta ta ce, "Ke 'yar nan, rabu da likita, hutu ne ya karɓi jikana."

Ban ga laifin tsohuwar ba. Ta taso lokacin da rama ce ke kashe yara, don haka kumatu a wurinta albishir ne. Unguwar ce ta sauya, ita kuwa idonta yana nan a da.

New Bell, inda iyayen matar suke kuma inda na girma, ba don jin daɗin kowa aka yanke ta ba. Jamusawa ne suka ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogin Wouri, suka ware musu wannan wuri a bayan gari, da tazarar kilomita ɗaya tsakaninsu da Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Da mulki ya koma hannun Faransawa a 1916, wurin ya zama masaukin baƙi: Hausawa, Bamileke, Bassa da sauransu. Kowa ya kafa ɗakinsa jikin na wani, babu wanda ya bar fili don wasan yara. Amma a lokacin ba a ji rashin ba, domin rayuwar kanta motsi ce. Kakanninmu fatake ne da mahauta, a ƙasa suka sha tafiya da goro da shanu. Yaro ya ɗebo ruwa, ya je makarantar allo, ya kai abinci kasuwa, duk da ƙafarsa. Bayan lisha kuwa sai barci, ba abin kallo.

Talabijin ya iso Kamaru a 1985. Abin da ya fi sauya mu, a ganina, shekarun 1990 ne. Yajin "villes mortes" na 1991 ya tsayar da motocin haya, kamfanin safa na SOTUC ya durƙushe 'yan shekaru bayan nan, sai baburan bensikin suka cika gari. Yau yaro ba ya taka tafiyar minti goma zuwa Islamiyya, iyaye ma sun fi son ya hau, don tsoron baburan da ke kan hanyar. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Mata da yawa suka fita neman na cefane tun da asuba, karin kumallo ya koma 'yan canji a tafin yaro. Me zai saya? Binye da wake da kunu mai sukari, ko burodi da mayonis, ya kora da lemon kwalba. Abincin da ya fi araha shi ne ya fi mai da fulawa. Har tsiren da garin nan ya san mu da shi ya fi ƙarfin aljihun ɗan firamare.

Barci ne ba mu cika ambata ba. Likitoci na son ɗan shekara 6 zuwa 12 ya samu awa 9 zuwa 12, domin ƙarancin barci yana rikita sinadaran da ke gaya wa jiki ya ƙoshi, yaro ya wayi gari da kwaɗayin zaƙi. To, a ɗakin kwano da zafin Duwala da sauro, in wuta ta ɗauke, wa zai kwanta ƙarfe tara? Suna ƙofar gida da waya har sha biyu, ƙarfe shida kuma a tashe su makaranta.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ƙiba a cikin 'yan shekara 5 zuwa 19 sun tashi daga kashi 2 cikin ɗari a 1990 zuwa kashi 8 a 2022. Tana kuma son yaro ya motsa jiki minti 60 kullum. Da na karanta wannan a iska, wani dattijo ya kira ya tambaye ni a wane filin.

Bayan wata biyu matar ta sake bugowa. Ta daina ba shi kuɗin bensikin, ita ke raka shi makaranta da ƙafa, tana karɓe wayar bayan lisha. Sai dai ta gano kakar na soke masa kuɗin binye a aljihun wando, wai kada a ce sun bar jikanta ya lalace.