Allurar Rigakafin Dabbobi da Rage Talauci a Karkara: Daga Yaƙin Bushiya zuwa Annobar Awaki

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda rigakafin cututtukan dabbobi ke shafar arzikin talakan karkara a ƙasashe masu tasowa, musamman Afirka. An bi tarihin kawar da ciwon bushiya, aka auna shi da halin da ake ciki a yaƙi da annobar awaki da tumaki da ta kaji. Matsayar maƙalar ita ce, allurai masu inganci sun daɗe da samuwa. Abin da ke hana ruwa gudu shi ne kai su ga ƙananan dabbobin da ke hannun matalauta, mata musamman.

Gabatarwa

A karkara dabba ita ce asusun gida. Akuya ake kaiwa kasuwa idan kuɗin makaranta ko na asibiti ya taso, kaza ake sayarwa a yi cefane, shanun huɗa kuwa da su ake noma. Don haka idan annoba ta shiga garke, jarin gidan ne ya tafi gaba ɗaya, kuma ba kasafai ake farfaɗowa cikin shekara ɗaya ba.

Akwai shaidar bincike a kan haka. Thomas Marsh da abokan aikinsa sun wallafa nazari a mujallar Science Advances a 2016 kan makiyayan Kenya masu yi wa shanunsu rigakafin zazzaɓin kaska na Gabashin Afirka. Sun gano cewa raguwar mutuwar shanu ta ƙara wa gidajen kuɗin shiga, kuɗin kuma ya tafi ga abinci da magani da karatun yara, har zuwan 'yan mata makaranta ya ƙaru.

Abin da yaƙin bushiya ya nuna

Bushiya ta shigo Afirka a 1887 ta tashar jirgin ruwa ta Massawa a Eritiriya, cikin shanun da sojojin Italiya suka shigo da su. Cikin 'yan shekaru ta iso Tafkin Chadi da ƙasar Hausa, a wasu wurare ta kashe tara cikin kowane shanu goma. Yaƙi da ita ne ya sa aka kafa cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, a 1924.

Wajajen 1960 Walter Plowright ya haɗa allura a Muguga ta Kenya, wadda sau ɗaya ake yi wa saniya ta wadatar har ƙarshen rayuwarta. Da ita aka ƙaddamar da gangamin JP15 a 1962, aka fara daga Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Cutar ta lafa sosai, aka rufe shirin a 1976, masu ba da tallafi suka janye, sa ido kuma ya yi sanyi. An kashe maciji ba a sare kansa ba: cutar ta maƙale a yankin Mali da Mauritaniya da kuma kudancin Sudan, ta sake ɓarkewa a farkon shekarun 1980, makiyayan Najeriya suka ji jiki ƙwarai a 1983.

Zagaye na biyu, wanda aka fara a 1986, ya bambanta ta fuska biyu. Jeffrey Mariner na Jami'ar Tufts ya inganta hanyar busar da allurar har ta iya jure makonni ba firji. Sannan a yankin Afar na Habasha da kudancin Sudan, inda motar gwamnati ba ta shiga, aka horar da 'ya'yan makiyayan da kansu su yi allurar. Su suka san burtali da mashaya, su kuma dattawan ruga suka yarda da su. An ga cutar karo na ƙarshe a Kenya a 2001, a 2011 kuma aka ayyana kawar da ita daga duniya, cuta ta biyu bayan agana.

Dabbobin talaka

Mai shanu ɗari, komai wahalarsa, ba shi ne mafi talauci a ƙauye ba. Dukiyar bazawara da tsohuwa awaki uku ce ko biyar, da 'yan kaji a tsakar gida. A nan ne annobar awaki da tumaki da ake kira PPR ke ɓarna. An fara bayyana ta a Kwaddibuwa a 1942, yau ta kai ƙasashe sama da 70. Akuya kan fara da zazzaɓi da majina, baki ya yi gyambo, zawo ya biyo, cikin mako guda a wayi gari turke ya zama fayau. Abin lura, allurar da aka fi amfani da ita a duniya, Nigeria 75/1, daga ƙwayar cutar da aka samo a Najeriya a 1975 aka haɗa ta, kuma kariyarta na ɗaukar shekaru. A 2015, a Abidjan, hukumar abinci ta duniya FAO da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da cutar.

To, me ya hana? Kwalbar allura ɗaya ta dabbobi 50 ce ko 100, kuma da zarar an dama ta, cikin 'yan sa'o'i ƙarfinta ke gushewa, balle a zafin bazara. Malamin dabbobi ba zai fasa kwalba saboda awaki huɗu ba, sai an tara na unguwa duka. A gidajen da mata ke kulle kuwa, baƙo namiji ba ya shiga, labarin ranar allura ma a majalisar maza yake tsayawa. Ga kuma saurin juyawar garke: ana haihuwa, ana yanka, ana sayarwa gabanin Babbar Salla, ta yadda bayan shekara biyu yawancin garken sababbi ne da allura ba ta taɓa su ba. Tun da sai kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na dabbobi sun sami kariya kafin yaɗuwa ta tsaya, gangamin shekara ɗaya da ake yi don ɗaukar hoto kusan asarar kuɗi ne.

Rigakafin kaji ya fi sauƙi. Cutar Newcastle, mai murɗe wuyan kaza, ta fi tsananta da hunturu. Allurar I-2, da aka samar a Jami'ar Queensland ta Ostareliya, tana jure zafi, ɗigo ɗaya ake sawa a idon kaza duk bayan wata uku ko huɗu, kuma Vom na haɗa ta. Aiki ne da mace za ta koya cikin yini guda.

Iyakar allura

Ba kowace cuta ce ke bin wannan tsari ba. Allurar ciwon huhu na shanu sai an maimaita ta duk shekara, wani lokaci kuma takan kumbura wurin da aka yi ta, abin da ke sa makiyayi ya ɓoye shanunsa. Boru iri-iri ne, allurar wani ba ta kare wani. Sammore kuwa har yanzu ba shi da rigakafi. Tsohon zargin da jangali ya bari, cewa duk mai ƙirga shanu haraji ya kawo, shi ma bai gama gushewa ba.

Shawarwari

Cibiyoyin haɗa allura suna nan: Vom a Najeriya, LABOCEL a Yamai, LANAVET a Garwa, ga PANVAC ta Tarayyar Afirka a Bishoftu mai tantance inganci. Abin da ya rage wa gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi shi ne su ware kuɗin rigakafin awaki da kaji a kasafin kowace shekara, su nemi a riƙa haɗa ƙananan kwalabe, su horar da mata masu allura a kowace gunduma, a kuma daidaita lokacin gangami da ƙasashe maƙwabta kafin garkuna su tashi cin rani. Idan ba a yi haka ba, wa'adin 2030 zai zo ya wuce PPR na nan a turakun mata.