Ɗakin shan mai

Da aka kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, unguwar Malam Inna ta cika da ɗalibai 'yan haya, sana'ar buga takardu kuma ta biyo su. Kafin nan sai ka gangara cikin gari wurin masu tafireta, in aka kuskure harafi a shafa farin ruwa a jira ya bushe. Sai ga shagunan kwamfuta: ƙaramin janareto a bakin ƙofa, injin fotokwafi, da yaro ɗaya mai saurin yatsu.

A irin wannan shago na koyi aiki, har wani mai makarantar kuɗi a unguwar ya ɗauke ni in kula masa da kwamfutoci. Dattijo ne, tsohon ɗan kasuwar hatsi, lissafinsa duk a ka. Ofishina ya raɗa wa suna "ɗakin shan mai". Kowane ƙarshen wata sai ya ce, "Kai yaro, wannan abin naka me yake haifarwa?" Ni kuma da wautata in yi ta zuba masa bayanin intanet, yana gyaɗa kai yana duban agogo.

A 2015 JAMB ta yi sallama da takarda da fensir, jarrabawa ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Iyaye suka fara tambaya ko 'ya'yansu za su taɓa na'urar kafin ranar. Ya ji, amma kuɗin batirin da nake nema wa kwamfutocin bai fito ba.

Takarda ɗaya ce ta kwance bakin jakar. Na kwashe rasit na zango uku na shigar a wata manhaja, na buga masa sunayen waɗanda ba su cika kuɗin makaranta ba, da jimilla a ƙasa. Ya ɗora tabarau, ya bi layi da yatsa, ya tsaya cak kan sunan wani da ya sha rantse masa ya biya.

"Injin ne ya tuna wannan?"

"Shi ne, Baba Alhaji."

A makon aka sayo batir.

Farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, iyaye suka koma tiransifa, shi ke aikowa tun da hantsi a duba wa ya turo. Har yau bai san sunan manhajar ba. "Littafin bashi" yake ce mata, makullin ɗakin kuma yana aljihun babbar rigarsa.